Ku Tambaya Mu Amsa: Duba-garin zamanin Turawa a Legas

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, dukkansu daga 'yan'uwanmu mazauna Legas, kuma dukkansu a kan tsaftar gari da aikin duba-gari suke. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni mai sayar da goro ne a Agege, kuma a nan aka haife ni. Marigayi kakana yakan ba mu labarin duba-gari na zamanin Turawa, yana cewa da zarar an hango shi a bakin layi sai mata su shiga tuntsurar da randuna suna share tsakar gida, kuma a wancan lokaci ko tsinke ba ka gani a hanya. Yau ga lambatu a toshe, ga bola a bakin kasuwa. Shin da gaske Legas ta fi tsafta a zamanin Turawa? Kuma idan aka dawo wa duba-gari da ƙarfinsa na da, al'amura za su gyaru?

Daga Alhaji mai goro, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙan kakanka, domin abin da ya faɗa game da tsoron duba-gari gaskiya ne, kuma dattawan Yarabawa da kuke zaune da su, waɗanda suke kiransa wole-wole, za su ba ka irin wannan labari ba ragi. Sai dai tsoron ma'aikaci daban, tsaftar gari daban, kuma wanda ya bi tarihin Legas a tsanake zai ga cewa abubuwan nan biyu ba su cika tafiya tare ba.

Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861 daga hannun Sarki Dosunmu, suka tarar da tsibiri mai kwari wanda fadama ta kewaye, ruwan ƙasa kuma yana kusa ƙwarai, ta yadda mai haƙa ba zai yi nisa ba sai ruwa ya ɓullo masa. Daga nan matsalar ta faro. Salga irin tamu ta Arewa, wadda ake haƙawa da zurfi ta yi shekaru ba ta cika ba, ba ta yiwuwa a irin wannan ƙasa, kuma inda aka yi ƙarfin hali aka haƙa ta, ƙazantarta takan tsiyaya ta shiga rijiyar da ke kusa, wadda daga cikinta ake ɗiban ruwan sha. A 1877 aka naɗa ma'aikaci na farko mai duba ƙazanta a garin, amma aikin bai yi ƙarfi sosai ba sai bayan 1897, shekarar da wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin da yake ta kashe Turawa a gaɓar Afirka ta Yamma. Tun daga ranar da aka gane haka, duk wani ruwa da ya kwanta, ko a kududdufi ko a cikin tulu, ya zama abin tuhuma a wurin hukuma.

Gwamnan da ya fi kowa ɗaukar wannan al'amari da gaske shi ne William MacGregor, wanda ya riƙe Legas daga 1899 zuwa 1904, kuma shi kansa likita ne. A zamaninsa aka cike fadamu da yawa, aka haƙa doguwar hanyar ruwan nan da ta raba cikin gari da Ikoyi, wadda take kusa da Obalende kuma har yau ake kiranta da sunansa, aka kuma riƙa raba maganin kwinin ga jama'a. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ra'ayinsa cewa lafiyar Bature ba za ta samu ba matuƙar 'yan ƙasa suna cikin ciwo, don haka ya ƙi yarda da shawarar da ake ta bayarwa daga Landan ta a ware wa Turawa unguwarsu su kaɗai. Bayan tafiyarsa wancan ra'ayi da ya ƙi shi ne ya yi rinjaye. A ƙarƙashin dokar garuruwa ta 1917, wadda Gwamna Lugga ya kafa, an tsara a bar fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton cewa sauron da ya ciji baƙar fata ba zai iya ƙetare wannan tazara ba. Duk wanda ya san yadda aka raba Nasarawa da cikin birni a Kano ya san wannan tsari, kuma a Legas Ikoyi ce ta zama unguwar Turawa, da faffaɗan tituna da bishiyoyi da lebura masu yanke ciyawa. Tsaftar da ake yabo ta wancan zamani, mafi yawanta a can take.

A cikin gari kuwa, abin da talaka ya samu shi ne duba-gari. Yakan shigo gida cikin kayan sarki, da littafi a hannu da dogon ludayi, ya nufi inda randa take, ya kamfato ruwa ya ɗaga shi wajen haske. Idan ya ga 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki, magana ta ƙare: a tuntsurar da ruwan, a rubuta sunan mai gida ko na matar da take da randar, sammaci ya biyo baya, alƙali ya ci tara. Daga nan ya leƙa makewayi, ya duba bayan ɗaki ko akwai fasasshen kasko ko gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki, ya duba inda aka ɗaure awaki. Ta fuskar ilimi aikin yana da hujja, domin sauron da yake kawo zazzaɓin shawara ya fi son ya yi ƙwai a cikin ruwa mai kyau da aka ajiye a gida, kuma cutar ba wasa ba ce: a 1927 ta kashe wani masanin cututtuka mai suna Adrian Stokes a nan Legas, yana tsakiyar bincike a kanta a ɗakin gwaje-gwaje na Yaba. Amma ka dubi al'amarin daga wajen matar da aka zubar wa ruwa. Ba don ƙazanta ta ajiye ruwa a randa ba, ta ajiye shi ne don ba ta da famfo a gida, kuma gobe ma sai ta sake ajiyewa. Ma'aikacin da yake da ikon jefa mutum cikin tara a kan laifin da ba shi da mafita daga gare shi, ba wuya ya zama mai karɓar na goro, kuma jaridun Legas na wancan zamani sun sha kokawa da cin hanci da cin mutuncin da wasu daga cikin masu duba-gari suke yi.

Maganar bayan gida ita ce ta fi tona asirin wancan tsari. Tun da salga ba ta yiwuwa, sai aka koma ga bokiti, wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin makewayi, da dare masu kwasa su zo su ɗauka a ka. Tun daga 1906 har aka shimfiɗa wani ɗan ƙaramin layin dogo wanda aikinsa shi ne jigilar wannan kaya cikin dare zuwa bakin ruwa, inda ake juye shi, kuma ya ci gaba da aiki har 1933. Sau da dama injiniyoyi sun zana tsarin manyan bututun ƙarƙashin ƙasa da za su kwashe ƙazantar birnin gaba ɗaya, kuma kowane karo sai a ce kuɗin ya yi yawa a jingine takardun. Turawa suka tafi a 1960 ba su gina shi ba, waɗanda suka gaje su ma ba su gina ba, shi ya sa har yau mafi yawan gidajen Legas suke dogaro da ramin da ake kira sokawe da motar da take zuwa ta zuƙe shi.

Abin da ya taimaki lafiyar garin a zahiri, kusa da kai yake, Alhaji. Ina nufin gidan ruwa na Iju, wanda aka buɗe a 1915, ya fara tura tataccen ruwa ta bututu zuwa tsibirin. Shi ma bai zo cikin lumana ba. Tun a 1908 mutanen Legas suka tashi tsaye a kan harajin ruwa da aka ce za su biya, suna cewa Turawa ne suke bukatar famfo, don haka su biya abinsu, kuma rigimar ta sake tashi a 1916. Har masallacin Juma'a ba ta bari ba, domin babban limamin lokacin ya goyi bayan gwamnati, jama'arsa da yawa suka juya masa baya, aka yi shekaru ana ta sa-in-sa. A ganina masu zanga-zangar suna da gaskiya a kan rashin adalcin rabon, amma ba su da gaskiya a kan amfanin ruwan, domin famfo ɗaya a bakin layi ya fi ludayin duba-gari goma hana gudawa.

Ba zan rufe wannan amsa ba sai na ambaci Dakta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya yi karatun likita a Glasgow, ya shiga aikin lafiya na majalisar birnin Legas a 1925, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin babban jami'in lafiya na birnin a 1936. Shi ya kafa makarantar koyon aikin tsafta a Yaba, inda aka riƙa horar da masu duba-gari daga sassan Nijeriya, ya kuma mai da hankali ga lafiyar 'yan makaranta da ta mata masu juna biyu da jarirai. A hannun irinsa ne aikin ya fara tashi daga farautar masu laifi zuwa koyar da jama'a, kuma duba-garin kirki da wasu dattawa suke tunawa da shi da alheri, galibi ɗan irin wannan horo ne.

Game da rabi na biyu na tambayarka, ka tuna an gwada ƙarfi a zamaninmu. Gwamnatin soja ta Janar Buhari da Idiyagbon, a ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a da ta fara a 1984, ta kawo sharar wata-wata ta ranar Asabar, wadda ake hana zirga-zirga da safe. Jama'a sukan fito su yashe lambatu su tara dagwalon a bakin titi, idan motar kwasa ba ta zo ba, ruwan sama na farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. A 2015 wata kotun tarayya a Legas ta yanke hukunci cewa hana zirga-zirgar ba shi da tushe a doka, a 2016 kuma gwamnatin jihar ta dakatar da tsarin. Ina goyon bayan a ƙara yawan ma'aikatan duba-gari a kuma biya su da kyau, musamman a kasuwanni irin Mile 12 da mayankar Oko-Oba, inda abincin miliyoyin mutane yake ratsawa. Amma kafin a ci mutum tara a kan zubar da shara, a fara nuna masa inda zai zuba ta da ranar da za a kwashe, kuma kafin a kama wanda ya tsuguna a bakin lambatu, a gina makewayin da zai iya biya.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, wani abokin karatuna ya ce mini Hausawa fataken goro ne suka kawo annobar ɓeraye Legas a zamanin Turawa, har aka rushe unguwanni saboda su. Maganar ta tsaya mini a rai. Mene ne gaskiyarta?

Daga wani ɗalibi, Idi-Araba

AMSA

Ɗana, abokinka ya tsinci wani yanki na gaskiya ne ya gina ƙarya a kansa. Annobar ta faru, ta ɓulla a Legas a 1924, ba a kuma rabu da ita ba sai a 1931, kuma a tsakanin waɗannan shekaru ta kashe mutum fiye da 1,800 a garin da yawan jama'arsa bai wuce 100,000 ba a ƙidayar 1921. Cuta ce mai saurin kisa: zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta fito a matsematsi ko a hammata ko a wuya, kuma a wancan zamani da ba a samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba, mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa tashi. Gaskiya ne kuma cewa a shekarar nan ta 1924 annobar ta ɓarke a Kumasi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma hukumomin lafiya na lokacin sun ɗora zarginsu a kan hanyar cinikin goro da take haɗa can da Legas ta jirgin ruwa, cinikin da Hausawa suke da hannu dumu-dumu a cikinsa tun zamanin fataucin Gwanja.

Amma ka lura da yadda cutar take tafiya. Ƙwayarta tana zaune ne a jikin ɓera, ƙuma ta sha jinin ɓeran, idan ya mutu ta koma kan mutum ta cije shi. An gano ƙwayar a Hong Kong a 1894, kuma daga wancan yanki ne jiragen ruwa suka yi ta rarraba ta zuwa tashoshin duniya: ta shiga Bombay ta Indiya a 1896, ta shiga Akara a 1908. Ɓera ba ya tambayar ƙabilar mai kaya kafin ya shiga huhun goro ko buhun shinkafa, kuma duk garin da yake da tashar jirgin ruwa a wancan lokaci yana cikin haɗari. Abin da ya sa cutar ta samu gindin zama a Legas har shekara bakwai shi ne cunkoso: ɗakunan da aka jera bango da bango ba iska ba haske, a unguwanni irin Oko Awo, ga hatsi a ajiye a ɗakin kwana, ga shara da ba a kwashewa. Da an tarar da gari mai sarari da rumbunan da ɓera ba ya iya shiga, da ta mutu a inda ta sauka.

Matakan da aka ɗauka sun yi tsanani. An kafa rundunar masu kama ɓeraye, ana kai su ɗakin gwaji a feɗe a duba ko suna ɗauke da cutar, an riƙa killace waɗanda suka kamu da waɗanda suka yi hulɗa da su, ana feshe gidaje da magani, ana tsayar da matafiya a duba su kafin su fita daga tsibirin, ana kuma bincikar gawa kafin a ba da izinin binnewa. Wannan na ƙarshe ya yi wa Musulmi nauyi ƙwarai, tun da addini ya umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma ba abin mamaki ba ne da wasu suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu ko su sulale da su zuwa ƙauye, abin da ya taimaka wa cutar ta kai ƙasar Ijebu. Inda hukuma ta shigo da ƙarfi ba tare da ta zauna da limamai da masu unguwanni ta yi musu bayani ba, ɓoyo ne yake biyo baya.

Rushe unguwanni kuwa aikin hukumar raya birnin Legas ne, wadda aka kafa a 1928 saboda wannan annoba, aka fi saninta da LEDB. Ta fara da yankin Oko Awo, daga baya a 1955 ta shiga rushe tsakiyar tsibirin, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a Surulere. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa 'yan asalin Ikko ne da suka gaji gidajen daga kakanninsu, kuma da yawa daga cikinsu sun yi asarar sana'arsu saboda an nisanta su da kasuwar da suke ci daga gare ta. Saboda haka ka gaya wa abokinka, cikin ladabi, cewa babu unguwar da aka rushe domin Bahaushe.

TAMBAYA TA UKU

Ina da tambaya a matsayina na matar aure. Kwanakin baya wasu maza biyu sun zo gidan da muke haya, suka ce ma'aikatan tsafta ne, suna son shiga har cikin ɗaki alhali maigida ba ya nan. Na hana su, suka yi barazanar rufe gidan. Shin suna da wannan iko? Kuma yaya ake yi da gidajen kulle a zamanin da?

Daga wata Hajiya, Obalende

AMSA

Hajiya, wannan damuwa taki tsohuwa ce. Tun zamanin Turawa shigar namiji baƙo cikin gidan matan aure yana daga cikin manyan dalilan da suka sa Musulmi suka ƙi jinin duba-gari, har ta kai a wasu garuruwan Arewa aka riƙa ɗaukar mata aikin domin su shiga inda maza ba sa shiga. Yau alhamdu lillahi mata suna da yawa a wannan aiki, don haka ba laifi ba ne ki ce a turo mace, ko a dawo lokacin da maigida yake nan.

Doka ta ba jami'in lafiyar muhalli ikon shiga gida da rana domin ya duba abin da zai cutar da jama'a, kamar makewayi da magudanar ruwa da wurin tara shara da rijiya, kuma bai kamata a hana shi wannan ba. Amma aikin yana da ƙa'ida. Tun 2002 akwai hukumar tarayya da take yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma jami'i na gaskiya yana da katin shaida da sunan ƙaramar hukumar ko ma'aikatar da ta turo shi, ki nemi ya nuna miki kafin ya wuce ƙofa. Idan ya ga abin gyara, a bisa al'ada takardar gargaɗi yake bayarwa, wadda take fayyace abin da za a gyara da wa'adin da aka ɗiba, sai an ƙi bin ta ne maganar take kai wa ga kotu. A gidan haya kuma, gyaran sokawe da magudana galibi nauyin mai gidan ne, don haka a kai masa takardar ko a kai wa wakilinsa. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannu ba rasit, yana cewa a sasanta a nan, kada ki ba shi ko sisi.

Idan suka dawo, ki tsaya a bakin ƙofa, ki aika a kira wani dattijo daga cikin maƙwabta ya zama shaida, ki rubuta sunayen da ke jikin katinsu, sannan maigida ya je sashen lafiyar muhalli na sakatariyar ƙaramar hukumarku ya tambaya ko su suka turo su. Idan abin ya zama ruwan dare a layinku, ku sanar da Sarkin Hausawan unguwar domin ya kai kuka da sunan jama'a gaba ɗaya.